Tramol, sida da sirrin da ba ka iya faɗa: ta ina za a fara?

Tambayar ta fito daga wani saurayi ɗan asalin Tawa, tela ne a nan Yamai, shekararsa 29. Bai sa suna ba, kuma daidai ya yi. Ya ce shekara 3 ke nan da aka gano yana ɗauke da ƙwayar cutar sida, yana karɓar magani amma yana tsallake kwanaki. Yana shan tramol mai lamba 225 guda uku zuwa huɗu a rana, da dare ya ɗora diazefam don barci ya ɗauke shi. Sau biyu yana faɗuwa a shago yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. Ya rufe da cewa: "Ni maza nake so tun ina yaro, ba wanda ya sani a gidanmu. Duk ranar da na bar ƙwaya sai tunani ya rufe ni, in ji gara in mutu. Ta ina zan fara, ko kuwa tawa ta ƙare?"

Ƙanena, taka ba ta ƙare ba. Aikina ke nan, jinyar masu fama da shaye-shaye, kuma maza masu irin kayan da kake ɗauke da su, cutar da ƙwayar da sirrin gaba ɗaya, sun zauna a gabana, yau suna tsaye da ƙafafunsu suna neman na kansu. Amma bari in fara da abin da zai iya halaka ka cikin wannan makon, domin ba sida ba ce.

Kada ka yanke tramol da diazefam dare ɗaya. Na san haka kake yi duk lokacin da zuciya ta ɗebe ka: ka watsa ƙwayoyin a masai, ka yi rantsuwa, kwana uku ka koma wajen mai sayarwa kana jin kai ba kowa ba ne. Wannan ba raunin imani ba ne, jiki ne ya saba. Iyakar abin da likita ke ba babban mutum na tramol a yini miligiram 400 ne, kuma ƙwayar farmasi ta yau da kullum 50 ce. Kai kana zuba wa cikinka tsakanin 675 da 900. Faɗuwar nan da ka yi sau biyu daga nan ta fito, don tramol in ya yi yawa yana tayar da farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Diazefam kuma akasin haka yake: yana danne farfaɗiya muddin yana cikin jini, ranar da aka janye shi kwatsam sai ƙwaƙwalwa ta birkice, mutum ya faɗi, wani lokaci ya yi ta faɗuwa babu farfaɗowa a tsakani. Wanda ya yanke diazefam ya ci gaba da tramol ya haɗa hatsarin biyu wuri guda. Haɗa su da kake yi da dare ma wani hatsarin ne, domin dukansu suna rage numfashi, balle a ɗora giya a kai.

Sannan ka sani, abin da ke rubuce a jikin katin ƙwayar kasuwa ba lallai shi ne a ciki ba. Tun da Indiya ta tsaurara dokar fitar da tramol a 2018, masu safara suka koma kawo wasu ƙwayoyi masu kama da shi. A 2025 wani binciken BBC ya nuna ana shigo da haɗin tapentadol da carisoprodol ƙasashen Afirka ta Yamma, har da masu ɗauke da lambar 225 ɗin nan da aka saba gani. Saboda haka ranar da za ka je asibiti ka tafi da katin da kake saya, ko da fanko ne, a gani da ido.

Hanyar da ta dace ita ce a rage sannu a hankali a hannun likita. A mayar da kai kan maganin farmasi wanda aka san nauyinsa, a riƙa zaftarewa mako bayan mako, diazefam kuma a bi shi a hankali fiye da tramol, don nasa ragin yakan ɗauki makonni da yawa, wani lokaci watanni. A Yamai wurin wannan aiki shi ne sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa, wanda kowa ya sani da Pavillon E. Na san abin da ya faɗo maka a rai: wurin mahaukata. Ka cire wannan. Da yawa daga masu zuwa can da ƙafarsu suke shiga, su ga likita, su karɓi takardar magani, su koma bakin aikinsu. In a Tawa kake so ka yi jinyar kusa da gida, ka fara da babban asibitin jiha. Tun da ka taɓa faɗuwa, mai yiwuwa likita ya so ka kwana ƴan kwanaki a hannunsu a farko. In ya ce haka, ka yarda.

Ko da ragi ake yi za ka ji jiki, gara in gaya maka tun yanzu don kada ka ɗauka mutuwa ce ta zo. Hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina suna zuba ba tare da mura ba, gumi da sanyi lokaci guda, ciki na murɗawa, gudawa. Ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, ka kwanta ka tashi, ka fita tsakar gida ka dawo, tabarma ta zame maka kamar ƙaya. Tramol yana da wani ƙari da sauran danginsa ba su cika yi ba, domin yana taɓa sinadaran da magungunan ciwon damuwa ke taɓawa: faɗuwar gaba, tsoro marar dalili, jin kamar lantarki na wucewa cikin kai, wani ma ya ji muryoyi ko ya ga abin da babu. Kwana na biyu da na uku bayan kowane babban ragi su ne masu wuya, cikin mako guda zuwa kwana 10 mafi munin ya wuce. Ka sha ruwa sosai, da ruwan gishiri da sukari in gudawa ta yi yawa. Don ciwon jiki parasitamol ya isa, kada ya wuce giram 3 a yini. Ka guji ɗirkar diklofenak da ibuprofen na masu talla, saboda ɗaya daga cikin magungunan sidarka ta ƙoda yake fita, su kuma waɗannan ƙoda suke wahalarwa.

Yanzu maganin sida. A nan nake so ka buɗe kunne da kyau, domin akwai kuskuren da nake gani kullum kuma yana ci mini rai. Mutum ya sha ƙwaya da safe, sai ya ce yau jinina ba tsabta, kada in haɗa, sai ya bar maganin asibiti. Wani kuma kunya ce: tun da na koma ruwa, da wane ido zan je karɓar magani? Ka saurara. Ko ka sha tramol, ko ka sha me, ka sha maganin sidarka. In ƙwaya ɗaya ce ake ba ka a yini, wadda ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir, tramol ba ya hana ta aiki. Abin da ke lalata ta shi ne tsallake kwanaki. Kada ka jira sai ka rabu da shaye-shaye kafin ka riƙe ta da gaske. Ka riƙe ta yau, a halin da kake ciki. Maganin kyauta ne a ƙasar nan, kuma ba a gindaya sharaɗin sai mutum ya zama waliyyi kafin a ba shi.

Akwai dalili na biyu da mutane ba su cika sani ba. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Nijar, kuma tenofovir da lamivudine suna danne shi shi ma. Wanda ke da cututtukan biyu in ya dakatar da magani, hantar na iya tashi da ƙarfi, ido ya yi rawaya, har ta kai ga kwanciya. In ba a taɓa auna maka shi ba, ka nema. Ka nemi a auna ƙoda, a kuma auna yawan ƙwayar cutar a jininka. In ta haura 1,000, abin da aka saba shi ne a zauna da kai a gyara yadda kake shan magani, a sake awo bayan wata 3. Yawancin masu shan dolutegravir suna dawowa daidai in sun riƙe shi kullum.

Ga wani abu da ya shafe ka kai tsaye saboda faɗuwar da ka yi. Magungunan farfaɗiya da aka fi bayarwa a asibitocinmu, fenobarbital da karbamazepin da fenitoyin, suna rage ƙarfin dolutegravir a jini. In ka faɗi aka kai ka asibitin unguwa, ka ɓoye cewa kana shan maganin sida, aka ɗora ka kan ɗayansu, za ka yi ta shan maganinka kullum amma yana zubewa ta ƙasa. Haka rifampisin na tarin fuka, shi sai an ƙara yawan dolutegravir. Haka maganin gyambon ciki mai kama da alli, da ƙwayoyin ƙarin jini da na kalsiyam: ka sha maganin sida awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Ta ɗaya gefen kuma, in likita ya ga kana cikin ciwon damuwa ya rubuta maka amitriptilin ko fluoksetin bai san kana shan tramol ba, haɗuwarsu na iya jawo farfaɗiya da zazzaɓi da ruɗewa. Ka ga ke nan kowane ɓoyo yana da farashinsa a cikin jini.

Ina kuke ajiye maganin ma? Na ga wanda ya juye nasa cikin ƴar leda ya tura can ƙuryar aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin zare da almakashi, a shago mai rufin kwano, cikin zafin watan Afirilu. Da ya fito da su sun fara dafewa. Maganin yana son wuri mai sanyi-sanyi da bushewa, cikin kwalbarsa, tare da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi. In takardar jikin kwalbar ce matsala, ka ɓare ta, ka bar kwalbar. Ka ɗaura shan sa da abin da ba ka fashi, kamar sallar asuba. In yana hana ka barci, safiya ta fi dare. Da azumi ka mayar da shi sahur ko buɗa-baki, tunda sau ɗaya ne a yini.

To, mu zo kan abin da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka, wanda a ganina shi ne farkonta. Ka ce da ka bar ƙwaya sai tunani ya rufe ka. Wataƙila ɗinkin dare na kusa da salla ne ya fara kai ka ga tramol, kamar teloli da yawa, amma ba shi ya riƙe ka ba. Abin da ya riƙe ka shi ne tun kana yaro kake gadin bakinka. Kana auna tafiyarka da muryarka, kana dariya tare da abokai a fada lokacin da ake zagin masu irin halinka, kana amsa wa inna "in sha Allah" duk ranar da ta kira daga Tawa ta tayar da maganar aure. Sai cuta ta zo ta ƙara sirri na biyu, ƙwaya ta ƙara na uku. Mutumin da ba shi da wuri ko ɗaya a duniya da zai zauna ba tare da ya yi ƙarya ba, dole ya nemi abin da zai kashe masa tunani na ƴan awoyi. In aka cire ƙwayar aka bar shi cikin wannan kaɗaici, zai koma, ko ya sami wata.

A fannin likitanci son maza ba cuta ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga jerin cututtuka ranar 17 ga Mayu 1990. Babu allura ko ƙwaya ko rubutun sha da ke sauya shi, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka da wannan alkawari cutar ka zai yi. Abin da muke yi wa magani shi ne damuwa da tsoro da ƙin kai da suka taru a kansa, kuma waɗannan suna jin magani. Hukuncin addini ba a teburina yake ba, tsakaninka da Ubangijinka ne. Sai dai na ga maza da yawa sun bar salla don suna ganin ba su cancanci tsayawa gaban Allah ba, daga nan kuma komai ya ƙarasa zubewa. Ni musulmi ne, na san ayar da ke cikin Suratuz Zumar, aya ta 53, wadda ta hana bayin da suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ba ta ware kowa ba. Kada ka sa wa kanka sharaɗin sai ka warware wannan babbar tambaya kafin ka nemi lafiya. Mai rai ne ke da lokacin yin tunani a kanta.

Ba zan ce ka je ka faɗa wa duniya ba. Ni ma a garin nan nake, na san yadda iska ke kaɗawa, kuma a ƴan shekarun nan magana da doka sun ƙara tsanani kan wannan batu. Tonuwar asiri na iya raba mutum da gida da shago da lafiyar jikinsa. Abin da nake nema maka mutum ɗaya ne, ma'aikacin lafiya ɗaya da zai san abubuwan uku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Riƙe sirrin marar lafiya wajibi ne a kan kowane likita da malamin asibiti, kuma dokar 2015 kan cutar sida ta ƙara jaddada shi. Duk da haka mutane suna da hali daban-daban, don haka ka gwada kafin ka saki jiki. Ka fara da maganar ƙwaya, ka ga fuskarsa. In ya hau wa'azi da faɗa, ka karɓi maganinka ka nemi wani. In ya tambaye ka guda nawa, tun yaushe, me ke sa ka sha, to wannan ana iya ƙara masa. Masu ba da shawara da ke zaune a wuraren karɓar magani, waɗanda su ma suke rayuwa da cutar, kamar na RENIP+, ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar cutar sida a Nijar, sukan san wane likita ne mai riƙon amana. Kana iya tambayarsu haka kawai ba tare da ka faɗi dalili ba.

Faɗin yana da amfani na zahiri ban da sauƙin zuciya. Ciwon sanyi da tunjere suna zama a dubura da maƙogwaro ba tare da alama ba, kuma likitan da bai san inda zai duba ba, ba zai duba ba. Ga kuma labari mai daɗi da ya kamata a ce an gaya maka tun ranar farko. Wani babban bincike da aka yi a Turai mai suna PARTNER2, wanda aka wallafa a 2019, ya bi maza masu zama da maza ƴan'uwansu, ɗaya na da cutar yana shan magani, ɗaya ba shi da ita. Cikin saduwa sama da 76,000 ba tare da kwaroron roba ba, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗauki cutar daga abokin zamansa ba, muddin ƙwayar cutar tana ƙasa da 200 a awo. Ma'ana, in ka riƙe maganinka har awo ya nuna ta kwanta, ba ka ɗora wa kowa. Amma kai yanzu kana tsallake kwanaki, don haka kwaroron roba dole ne har sai awo ya tabbatar, kuma ko bayan nan shi ke kare ka daga sauran cututtukan.

Maganar aure kuwa, kada ka yi shi a matsayin magani, ba ya sauya abin da ke ranka. In ka taɓa yanke shawarar yi, ƴar mutane tana da haƙƙin sanin cutarka kafin a ɗaura. A yanzu kana da amsar da ba ƙarya ba ce: ba ni da lafiya, ina jinya, a ba ni lokaci.

Bayan jiki ya lafa akwai wani zango da ba a cika gaya wa mutane ba, kuma a nan aka fi komawa. Wata biyu, uku, wani lokaci fiye, abinci ba daɗi, hira ba daɗi, barci gutsi-gutsi, ɗinkin da kake gamawa a dare ɗaya ya koma cin kwana biyu. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon aiki da kanta. Ka rage karɓar aiki, musamman in salla ta gabato, gara ka mayar da yadi tun a bakin ƙofa da ka yi alkawarin da sai da ƙwaya za ka cika shi. Ta fannin kwanciya ma za ka ga sauyi: tramol yana jinkirta kawowa, in an bar shi sai a riƙa saurin kawowa na ɗan lokaci, kuma maza da yawa saboda wannan kaɗai suke komawa. Yana daidaita, in ya daɗe kuma akwai maganinsa a asibiti. In ka saba ba ka kusantar kowa sai ka sha, ka ɗan dakata da neman sababbin mutane a wannan zangon. Ka yi hattara da waɗanda ake haɗuwa da su ta waya, domin akwai masu ɗana tarko su karɓe kuɗi da barazanar tona asiri, kuma kada ka aika hoton da fuskarka ke ciki. Fadar da ake miƙa ƙwaya tare da kofin shayi, ka bar ta. Ka goge lambar mai sayarwa, in akwai bashinsa ka biya ta hannun wani. Ko da ba za ka faɗa wa kowa a gida sauran biyun ba, maganar ƙwaya kaɗai ana iya faɗa wa yaya ko amini, ya riƙe maka kuɗi da magani a makonnin farko.

In ka zame ka sha, kada ka koma kan adadin da. Bayan ƴan makonni jiki ya manta sabo, guda huɗun da kake sha kana ɗinki za su iya tsayar maka da numfashi. Ka sha maganin sidarka na ranar, ka koma wurin likita cikin makon, ka faɗi gaskiya, a ci gaba daga inda aka tsaya. Wanda ke kusa da kai ya sani: in ya same ka ba ka farkawa, numfashi na ja da ƙyar, leɓe ya sauya launi, ko kana karkarwa, ya kwantar da kai ta gefe, kada ya cusa maka cokali ko ruwa ko madara a baki, ya nemi mota zuwa asibiti nan take, ya gaya musu abin da ka sha.

Ka rubuta cewa kana jin gara ka mutu, kuma ban ɗauki wannan a matsayin salon magana ba. Janyewar tramol da kanta tana ƙara duhunta tunani, saboda haka abin da zuciyarka ke gaya maka ƙarfe uku na dare a kwana na uku ba shi ne gaskiyar rayuwarka ba. Ka gaya wa likita wannan jumlar kamar yadda ka rubuta mini ita, tun a zaman farko, don ta shiga cikin tsarin jinyarka. Kada ka tara ƙwayoyi a ɗaki. In dare ya yi tunanin ya zo da shiri, ka san da me da kuma yaushe, kada ka zauna kai kaɗai: ka buga wa wani ƙofa, ko ka tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, a buɗe yake har safe. Gobe kuma ka ɗauki kwalbar maganinka da katin ƙwayar da takardar awonka ta ƙarshe, ka tafi da sassafe kafin layi ya yi tsawo. Allah ya ba ka lafiya, ƙanena.